Littafin Baƙi a Baban Rafi

Mun bar Maraɗi tun kafin assalatu,
ni da Baba Nomau, a motar masu sarin kifi.
Bayan Madarumfa hanya ta zama rairayi,
ya ce da ni: nan na fara jin ƙanshin gida.

A bakin daji wani yaro cikin koren kaki,
Illa sunansa, ya miƙo littafi da biro.
Baba ya dangwala yatsa yana murmushi:
shekara talatin yana shiga nan da kwari da baka,
ba wanda ya taɓa tambayar sunansa.

Ba a sara, in ji Illa, ba a harbi,
ko ashana a bar ta nan.
Muka bi shi.

Marke da ƙirya sun haɗa kai sun rufe rana.
Can gaba ƙasa ta fara laushi,
taɓo ya cafke takalmina na dama
ya ƙi saki sai da na roƙe shi da hannu biyu.
Ruwa kwance ƙarƙashin giyayya, baƙi kamar shayi,
bado ya shimfiɗa faifansa,
zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ba ruwansa da mu.
Kirinjijiya suka tashi gaba ɗaya,
na ji iskar fukafukansu a wuyana.

Illa ya nuna laka: ga sawun barewa.
Baba ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara.
Gada ce, ɗana, kuma tana da ciki,
dubi yadda ƙafar baya ta nutse.
Da asuba ta sha, ba ta yi nisa ba.
Yaron ya ciro takarda ya rubuta.

Na ga hannun Baba ya tafi kafaɗa
inda kwari ya saba rataya.
Ya tarar da gorar ruwa.
Ya kurɓa, ya miƙa mini.

Da la'asar ya tsaya gaban wani kututture,
ya shafa shi kamar kan jika.
Ni na sare ta, shekarar da aka haife ki,
da kuɗinta aka sayi ragon suna.
Daga gindin, rassa bakwai sun tofo,
kowanne ya fi ni tsawo.

A hanyar komawa bai ce uffan ba.
Sai da fitilun Maraɗi suka bayyana
ya tambaye ni, a hankali,
wata nawa gada take yi kafin ta haihu,
shi da ya fi kowa sani.