A Bakin Katangar Idwal

Kakana ne ya aza duwatsun katangar nan,
ba siminti, ba laka, dutse ke riƙe ɗan'uwansa.
Wannan gefe nawa ne, ni Idwal Prosser.
Wancan na Meurig ne, kafin gwiwa ta ci amanarsa,
ya sayar wa wani kamfanin Landan, ya koma gari,
yana hangen tuddan Wales ta tagar gidan haya.

Tumaki ɗari huɗu suka kwashe a wuni guda.
Wai a sakar wa ƙasa mara,
ta koma yadda take kafin ɗan'adam ya taka ta.
Na ce, wace shekara ke nan?
Ku nuna mini ita a kalanda.
Ba wanda ya tanka.
Wata yarinya ta rubuta wani abu a littafinta.

Ai ni ma ina da littafi.
Shekara talatin da ɗaya ina ƙirga sheƙar
tsuntsun nan mai dogon baki lanƙwasasshe,
mai kuka kamar ana tsiyaya ruwa daga kwalba.
Ba na yankan ciyawa sai 'ya'yansa sun tashi,
ko da maƙwabta sun ɗaure tasu sun kai rumbu,
ko da hadari ya haɗo ya ruɓar mini da rabi.
Ni ke korar hankaka daga ƙwansa.
Ni ke kwana da fitila saboda yanyawa.
Wannan ba riƙon daji ba ne?
Ko sai an buga masa hatimi a ofis?

Bayan katanga, shekara shida ke nan:
ciyawa ta kai ƙugu,
ƙaya ta cinye hanyar da muke bi zuwa coci,
rufin garken Meurig ya durƙusa.
Tsuntsuna ba ya sauka can,
shi mai son hango maƙiyi ne tun daga nesa.
Makarantar ƙauye saura yara tara.
Su ma iri ne mai ƙarewa,
sai dai ba a zo da littafi an ƙirga su ba.

Nesta, 'yata, ba ta barin magana ta kwana.
"Baba, yaushe rabon da ambaliya ta shiga kantin Eirlys?"
Na yi gum.
Tun da itatuwa suka kama gindin tudu, rafi ya bar hauka.
"Kuma tumakinka sun aske dutsen nan kamar kan sabon soja."
Na ce ta miƙo mini gishiri.

Ran Talata, kafin gari ya waye sosai,
na fita duba tunkiya mai naƙuda,
sai ga farar mujiya tana shawagi kan ciyawar kamfani,
ƙasa-ƙasa, ba ko motsin fiffike,
ta faɗa, ta tashi da ɓera.
Rabona da irinta tun ina sa gajeren wando.
Na tsaya har sanyi ya kama mini yatsu.

Ban gaya wa Nesta ba.

Jiya yarinyar littafin ta zo. Imogen sunanta.
Takalminta ya san laka yanzu.
Ta ce furanni sun shaƙe a ƙarƙashin ciyawa,
ko zan ba su aron shanu goma
su yi kiwo can har ganye ya fara zuba?

Dariya ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta.
Na ce, sha biyu,
kuma ni ke buɗewa, ni ke rufewa.
Ta ce ta ji. Ta tambayi sheƙa nawa bana.
Na ce huɗu. Ba ta rubuta ba, ta dai kalli fadamar.

Yau da hantsi na cire duwatsu daga katangar kakana,
daidai faɗin saniya mai ciki.
Ban zubar da ko ɗaya ba.
Na jera su gefe, kowane kan fuskar da ya saba kwanciya,
don ban san wanda zai zo bayana ba,
ko mai faɗaɗa ƙofar ne,
ko mai mayar da su.