Kashi Arba'in da Bakwai

A Porto, hawa na uku,
ruwan sama na ƙwanƙwasa taga.
Tomé ya durƙusa gaban kwamfutar kakarsa,
fankarta na tari kamar mai ciwon ƙirji.

"Sabuwar manhaja za ta ƙara mata gudu."
Graciete ta ce, "Ina za ta da gudun?"

Layi ya cije a kashi arba'in da bakwai.
Kofi ya huce.

Fargabarta ɗaya:
muryar marigayi Abílio na ciki,
yana karanto cefanen wata Asabar,
kifi, albasa, man zaitun,
kar ki manta laima.

Allo ya yi duhu,
ya waye da baƙuwar fuska.
Ta gyara tabarau.
"To, nemo min albasar."