Tambayar da Amsarta A'a Ce

Inna ta gaya wa maƙwabta ni direba ne.
Ban musa ba. Direba nake rubutawa,
da bas nake kwana, da bas nake tashi,
sai dai tawa ba ta zuwa Dukku, ba ta lodi a Kaltungo.
Siririyar hanyar tagulla ce, ba ta kai ɗan yatsa ba,
daga ƙwaƙwalwar na'ura
zuwa ɗan allon da ke auna ruwan Dadin Kowa.

A bene, a Tumfure, fanka na juya zafi.
Ni da Lamela muna aika tambaya sau dubu a daƙiƙa:
Ruwa ya kai ina? Ƙofa a buɗe take? Injin na numfashi?
Amsa na dawowa a gauraye, sifili da ɗaya,
kamar garau-garau a faranti.

Ran Talata tsawa ta faɗi bayan madatsa.
Allon ya mutu a zaune, ko sallama babu.
Da shiru ya yi, da da sauƙi.
Waya in ta rasa mai riƙe ta, sama take yi:
ɗaya, ɗaya, ɗaya, har talatin da biyu.
Ƙofa a buɗe? Eh.
A rufe? Eh.
Ruwa ya cika? Eh, ya cika ya batse,
alhali masu shinkafa na tsaye kan kunya
suna kallon laka tana tsagewa.

Lamela ya ce, mu tsare kowace amsa a bakin ƙofa,
mu caje ta tun daga hula har takalmi.
Muka gwada. Na'ura ta koma tafiyar hawainiya,
tamkar mai awo a Tudun Hatsi
da ya rantse sai ya ƙirga ƙwayar gero kafin ya cika mudu.
Kafin ya kai rabi, kasuwa ta watse.

Kwana uku shayi na hucewa a gefen allo.
Daren na huɗu na ce:
a bar su su shigo, ɗari ne, dubu ne,
a zaunar da su a zaure, kar a kai kowa cikin gida.
In sun taru, sai tambaya guda tak,
wadda na san amsarta a'a ce.
In ya ce a'a, da ransa, a buɗe wa baƙi.
In ya ce eh, a sallami kowa,
a ɗaga tuta, a tashi mai gadi.
Layi bakwai kacal.
Lamela ya daki tebur har cokali ya faɗi.

Bayan isha na isa Bolari.
Baffa Hammari na kan buzu, rediyo a cinya, a kashe.
Baffa, ka ci tuwo? Eh.
Ka sha maganin? Eh.
Ƙafar da sauƙi? Eh, eh, madalla.
Har na ɗaga labulen ɗakina, na tsaya.
Wata nawa ke nan nake karɓar wannan eh
ina wucewa da ita ciki ba bincike?

Na dawo na tsuguna.
Baffa, in zuba maka barkono a kunu?
Ya yi murmushi, yana duban leɓena.
Eh, ɗana.

A nan ba tutar ɗagawa.
Mai gadin kuwa ni ne, kuma barci nake.

Na matsa, har gemunsa na sosa mini kumatu,
na kai baki kunnen hagu, na maimaita da ƙarfi,
har akuyar Inna ta miƙe.
Ya zabura. A'a! Barkono? Ka haukace ne?

Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya.
Ya ci gaba da faɗa, ban tare shi ba.
Sai da ya gaji na sake matsawa,
na faro tambayoyin daga tuwo.