Lamba Arba'in da Bakwai

A ɗakin gwanjo na Truro, ranar Talata,
ruwa na dukan taga tun asuba.
Aikina in rubuta abin da na gani, ba ƙari,
sai na rubuta: Lamba arba'in da bakwai,
akwatin maganin gida, katakon maɗaci,
hannun tagulla, makulli yana nan.
Gurbi goma sha shida. Kwalabe sha biyar.

Na buɗe ƙofofinsa biyu, wari ya fito gaisuwa,
kafur da kanumfari, da wani abu mai ɗaci
da ya shekara ɗari da hamsin yana jiran hanci.
Ga sikeli, bai cika tafin hannu ba,
ga turmin gilashi da 'yar taɓaryarsa,
ga man zurma ya daskare a gindin kwalba
kamar zumar da aka manta da ita.

Kafin goma ta buga Jowan Trevenna ya shigo,
lemarsa na ɗiga a kan dardumarmu.
Irin akwatin nan talatin da takwas gare shi.
Matarsa ta ce falonsu ya zama asibiti
wanda bai taɓa sallamar kowa ba.
Shi ba ya fara duba katako,
murfi yake cirewa, ya sunsuna, ya lumshe ido,
har sai an yi masa gyaran murya.
Ya bi kwalaben da yatsa, ya tsaya a gurbin.
"Giɓi," in ji shi. "Fam ɗari biyu sun zube ta nan."

Sai ya juya akwatin, ya zare wata 'yar ƙusa,
allon baya ya zame, ashe akwai ɗaki a ciki,
inda ake ɓoye guba kada hannun yara ya kai.
Ba kwalba.
Takarda ce, an ninka ta huɗu,
da rubutun wata Loveday Pascoe,
siriri, ya karkata kamar ciyawar bakin teku.

Digory, daren Litinin, ɗigo uku.
Talata, ɗigo biyar.
Laraba, biyar, ya ɗan yi barci.
Alhamis, takwas. Ruwa ya ci hanya, likita bai zo ba.
Juma'a,

Daga nan tawada ta ɗiga sau ɗaya, ta yi shiru.

Ko yaron ya tashi da safe ya nemi burodi,
uwar ta manta da alƙalami don murna?
Ko kuwa ta fita ba mayafi, ba takalmi,
ta wurga kwalbar inda igiyar ruwa ke fasa dutse?
Takarda ba ta ce ba.
Ni kuma ba a biyana don in yi zato.

Da la'asar aka ɗaga shi sama kowa ya gani.
Wani yana taya ta waya daga Bath, ya ƙi saki,
Trevenna na ɗaga kati, ba ya ko kallon kowa,
har farashi ya wuce inda hankali ke tsayawa.
Guduma ta sauka.

Da ya zo biya na tambaye shi,
"Kana da irin kwalbar a gida?"
Ya ce shida gare shi, gilashi ɗaya, murfi ɗaya,
ko mai ƙera su ba zai bambance ba.
"To za ka cike gurbin?"
Ya mayar da takardar ɗakinta, ya tura ƙusar.
Ya tuɓe kwat ɗinsa ya naɗe akwatin
yadda ake naɗe mai zazzaɓi,
ya ce, "Sauran talatin da takwas cikakku ne,
kuma ba wanda ya taɓa ce mini komai."

Ya fita cikin ruwan da 'yar shara,
ya bar mana lemar a jikin kujera.
Na koma kan kundina.
Lamba arba'in da takwas: cokulan azurfa, guda biyu,
ɗaya ya ɗan lanƙwashe.