Taƙi Biyu

Ranar Asabar na turo shi tsakar gida,
Benlin Bappa, wanda a da ja ne wur,
yanzu launinsa na goron da aka tauna aka tofar.
Shekara tara yana jingine da rumbu a Kumo,
kaji sun yi ƙwai a gindinsa, sun ƙyanƙyashe,
jikokinsu ma sun shiga tukunya.

Na shimfiɗa buhu, na jera kayan aiki:
sifana mai lamba goma, mai sha biyu, filaya,
da zarton da na aro wurin Manu mai walda
bisa sharaɗin ya koma kafin la'asar.
Noti huɗu ke riƙe da sirdi.
Uku suka fito da lallashi da ɗigon baƙin mai,
na huɗu ya ce sai dai a kashe shi a ɗakinsa.
Na ɗauko guduma.

Ledar ta yi faso kamar diddigen manomi,
soson ciki ya koma garin ƙuli,
amma ramin da zaman Bappa ya haƙa yana nan,
ya ɗan karkata hagu,
don gwiwarsa ba ta ƙara lanƙwashewa ba
tun faɗuwar da ya yi a hanyar Pindiga.
A ƙarƙashi na tsinci fulogi naɗe a tsumma
da rasit ɗin auduga,
tawada ta gudu ta bar rabin sunansa.

Niyyata irin ta samari ce:
in datse wutsiya, in jefar da kariya,
mazaunin mutum ɗaya, siriri kamar bayan tarwaɗa,
danja 'yar mitsitsiya kamar idon zakara,
in hau titin Gombe a riƙa cewa wane ne wancan?
Na ja layi da alli.
Na ɗora zarto, ƙarfe ya soma kuka.

Sai Dada ta ɗaga labule, rariya a hannu.
"Nan da kake yankawa
nan na zauna da cikinka wata tara,
daren da rafi ya kawo, asibiti na tsallake.
Wancan ƙarfen na riƙe har ya zana mini tafi.
Yanka abinka. Na dai faɗa."
Labule ya koma.

Na daɗe a tsugune, ƙuda na yawo a kan tanki.
Na tofa yawu a babban yatsa na goge allin,
na auna taƙi biyu zuwa baya,
can na yanka.

Sabon soso daga tsohuwar katifata,
na sassaƙe shi da wuƙar yanka albasa.
Fatar akuya ja daga dukawan bakin kasuwa,
na jiƙa ta, na ja, na ɗinke da basilla,
ɗinkin ya yi tafiyar maciji,
yatsuna uku suka biya kuɗin koyo.
Na shafe bakin yanka da baƙin fenti a gwangwanin madara.
Wayar danja kuwa na haɗa ta a baibai,
in na taka birki sai sigina ta yi mini fari.
Na kwance, na sake.

Zarto bai koma ba sai bayan isha'i,
Manu ya karɓa bai amsa sallamata ba.

Da safe, a bugu na goma sha ɗaya,
Benli ya yi tari, ya tofar da shekara tara ta salansa.
Dada ba ta fito ba.
Ta dai turo Ummita, 'yata, da ɗankwali a karkace,
ta haye baya, ba wanda ya nuna mata,
hannunta ya lalubo ƙarfen nan ya damƙe.

Yau kwana arba'in ke nan.
Ɗazu ina wanke shi na shafa sirdin,
sai na ji wani ɗan rami ya soma,
ya karkata hagu,
ni kuwa gwiwata lafiya lau.