Yit, Yot, Yitad

A saman bas mai hawa biyu, hanyar Rusholme,
ruwa na tsiyaya a gilashi,
Callum ya wurga ɓawon lemo ta taga,
ya ce, "Na yit shi!"

Maisie ta ce a'a,
abin da ya wuce ai yitad ne.
Wani mai jar hula daga baya ya ce yot,
aka kaure da musu
kamar gado ake rabawa.

Ni ina gefe da ledar albasa,
ina juya kalmar a baki irin tamu:
yita can, yito nan,
yitar da shi kowa ya huta,
in ɓawon da yawa a yiyyita,
in ya ƙi yituwa a sa a aljihu.

Sai maƙwabciyata Misis Hargreaves,
wadda ta shekara talatin da alli a hannu,
ta buga lema a ƙasa:
"Yot ya fi daɗin kunne.
Amma ku gaya mini, mene ne gost?"

"Mutum ya ɓace maka a waya,
ba sallama, ba dalili."

Ta yi shiru har muka wuce danja biyu.
"To, Dennis ya gostad ni," in ji ta,
"ran wata Talata, a asibiti,
shayinsa ko hucewa bai yi ba."

Ba wanda ya gyara mata nahawu.
Callum ya danna mata ƙararrawa,
ya riƙe mata jaka har ƙasa.
Sauran ɓawon na hannunsa,
bai yit ba, bai yot ba.