Aikatau

Baba Girema, baduku a Birnin Damagaram,
shekara arba'in hannunsa bai huta ba:
ya jeme, ya rine, ya yanke, ya ɗinke.

Da gigin tsufa ya shigo gidanmu
bai taɓa sunaye ba tukuna.
Aikatau ya fara kwashewa.

"Fata," in ji shi. "Basilla. Ni…"
Sai ya tsaya,
kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallaci.

Jiya ya ce, "Ruwa. Ƙoƙo. Baki."
Na cike masa: "Sha."
Ya dube ni, sai ka ce Faransanci na yi.

Da la'asar na aza jar fata a cinyarsa.
Bakinsa shiru.
Yatsunsa suka lanƙwasa gefen,
suka huda,
suka ja zaren da babu.

Ban cike masa komi ba.